Babbar jif ta yi araha, amma gyaranta fa?

Duk wanda ya taɓa zuwa Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja sayen iPhone 'yar Landan ya san yadda ake yi. Kafin a shiga maganar kuɗi sai ka duba lafiyar batir, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, ka gwada Face ID, ka tabbatar an cire iCloud ɗin mai ita na farko, ka ɗaga sikirin a haske ko an taɓa canja shi. Wani har da abokinsa mai gyaran waya yake tafiya. Duk wannan a kan wayar da kuɗinta bai wuce 'yan dubunnan ɗaruruwa ba. To amma wannan matashin dai, ranar da Allah ya buɗa masa ya tashi sayen babbar jif ta miliyoyi, sai ka ga ya zagaya ta sau biyu, ya daki taya da ƙafa, ya kunna esi, ya ƙure sautin sifika, ya ce a yi ciniki.

Maganata a nan gajeriya ce. Babbar jif ta alfarma, irin wadda ake sayarwa kusan dala 100,000 tana sabuwa, farashinta yana zubewa kamar na waya, amma kuɗin gyaranta yana nan inda yake tun ranar da ta fito daga masana'anta. Wanda ya saye ta bayan shekara goma zai iya biyan rubu'in kuɗinta na farko ko ƙasa da haka, sai dai duk kayan gyaran da zai nema na motar dala 100,000 ne. Kuma shi ne ya karɓe ta a daidai lokacin da robobi suka fara bushewa, wayoyi suka fara tsufa, garantin kamfani kuma ya daɗe da ƙarewa.

Na ga wannan a gidanmu. Wani yayana, ɗan wan babanmu, ya yi shekaru yana tara kuɗi a harkar kayan sola, ya sayi wata ƙatuwar baƙar jif 'yar Kwatano. Ba zan faɗi ƙirarta ba, don abin da ya same ta yana samun motocin kamfanoni da dama. Watannin farko lafiya lau, duk bikin dangi ita ce motar amarya. Ran nan da asuba ya fito zai tafi masallaci, sai ya tarar da ita ta durƙusa kamar raƙumi, gabanta ya kwanta a kan tayoyi. Ya tayar da ita, ta yi gurnani na ɗan lokaci, ta miƙe. Ya ce ai shi ke nan. Haka ta riƙa yi kowace safiya har kusan wata guda, sai wata rana ta ƙi miƙewa. Bakaniken da aka kira ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, da tun ranar farko ka kawo ta, da jakar iska ɗaya za mu canja. Yanzu kuwa har kwampireso ya ƙone." Na ce masa, "Yaya, me ya hana ka kai ta tun farko?" Ya ce shi ya ɗauka haka take barci.

Bari in tsaya a kan wannan kaɗan, don shi ne ƙorafin da ya fi fitowa daga bakin masu irin waɗannan motoci, a nan da ma ƙasashen da aka ƙera su. Motar da muka saba da ita, irin su Corolla ko Golf, tana zaune ne a kan sifirin na ƙarfe da shokozoba. Ƙarfe ne kawai, sai ya yi shekaru ba ka ma tuna da shi ba. Manyan jif na alfarma da yawa kuwa a kan iska suke zaune. Kowace taya tana da jakar roba mai kauri, akwai kwampireso da ke hura iska, akwai tankin ajiyar iskar, akwai bawul-bawul masu rarraba ta, akwai sensa a kowane gefe mai auna tsayin motar daga ƙasa, sannan akwai ƙaramar kwamfuta da ke haɗa lissafin duka. Shi ya sa za ka danna maɓalli motar ta ɗaga don ta haye rami, ka danna ta sauka don tsoho ya shiga cikin sauƙi. Shi ya sa kuma ba ka jin gargada a cikinta. Daɗin gaskiya ne, wanda ya taɓa shiga ba zai yi musu ba.

Sai dai roba roba ce. Tana tsufa, tana tsattsagewa a wurin da take naɗewa, zafin rana da ƙura kuma suna gaggauta hakan. Da zarar jaka ɗaya ta fara yoyo, motar ba za ta nuna maka nan take ba, don kwampireso zai yi ta cike gurbin iskar da ke fita. Shi kuwa an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. Idan ya koma aiki ba hutu sai ya yi zafi ya mutu. Gyaran abu ɗaya ya zama na biyu. In kuma ka canja jakar dama, ta hagu ma shekarunsu ɗaya, tana nan tafe.

Motar da sunanta ya fi fitowa a wannan zance a duniya ita ce Range Rover, kuma ita ce matasanmu suka fi mafarki, don haka bari mu ɗauke ta misali. A Ingila aka fara ƙera ta a 1970, tun farkon shekarun 1990 kuma take amfani da wannan tsari na iska. Ƙirar da ake kira L322 ta fito a 2002, wadda ta biyo ta, L405, ta fito a 2012. Su biyun nan ne suka cika wuraren dillalan mota a Abuja da Legas da Kano, don su ne farashinsu ya sauko inda hannu ke iya kaiwa. Kamfanin J.D. Power na Amurka yana yin bincike duk shekara, yana tambayar masu motocin da suka shekara uku matsalolin da suka gani. A sakamakon 2023, Land Rover, mai ƙera Range Rover, ita ce ta ƙarshe da matsala 273 a kowace mota 100. Lexus ce ta farko da 133. Ka lura, motocin da suka shekara uku kacal ake magana, a kan titunan Amurka, ana kai su garejin kamfani. Ba a kai ga shekara goma sha biyu da hanyar Kano zuwa Katsina da damina ba.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa wannan lissafi yana haɗa ƙanana da manya. Wayar da ta ƙi haɗuwa da Bluetooth matsala ɗaya ce, giyabos da ya lalace ma matsala ɗaya ce, kuma ɓangaren sikirin da manhajar mota ne ya fi yawan ƙorafi a binciken. Wannan ma darasi ne ga masu karanta shafi irin wannan. Motar zamani kwamfutoci ne da dama da ke magana da juna ta waya, an ɗora su a kan tayoyi. Masu Range Rover sun san wani abu da ke rikita sabon shiga: batir ya ɗan yi rauni kawai, sai dashbod ya cika da gargaɗi, na giya, na birki, na iska, duk a lokaci guda. Wanda bai sani ba sai ya fara canja kaya masu tsada ɗaya bayan ɗaya, alhali batir ne. Haka kuma idan 'yan bututun da ke zubar da ruwan rufin gilashi suka toshe, ruwan sama sai ya gangara ƙarƙashin kafet, inda wayoyi da ƙananan kwamfutocin suke. Kowa ya san abin da ke faruwa da wayar da ta faɗa ruwa: yau ta yi aiki, jibi ta fara hauka.

Injin ma yana da nasa labarin. V8 mai lita 5.0 da aka fara sawa a ƙirar 2010 ƙarfinsa ba a magana, amma na shekarun farko sun yi suna da matsalar sarƙar cikin inji mai daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Abin da ke ɗaure sarƙar yakan cinye, ta saki, a fara jin kacau-kacau idan an tayar da mota da sanyin safiya. In aka bar ta ta tsallake haƙori, fistin da bawul su yi karo, inji ya tafi. Kuma kafin a kai ga sarƙar sai an kwance gaban injin gaba ɗaya. Akwai kuma bututun ruwa na roba mai tauri da suka bi ta saman injin da bayansa, waɗanda zafi ke gasawa har su tsage. Injin na alminiyam ne, ba ya jure zafi. Tafiyar 'yan mintuna babu ruwa ta isa ta lanƙwasa kan silinda. Bodin L405 ma na alminiyam ne, an haɗa shi da ƙusoshi na musamman da gam, abin da ya rage mata nauyi har kilo 420 a faɗar kamfanin. Madalla. Amma ranar da ɗan adaidaita ya goge ka a Ƙofar Nasarawa, mai gyaran bodin unguwarku da gudumarsa da wutar waldarsa ba aikinsa ba ne.

Wani ɓangare na laifin kuma namu ne, dole a faɗa. Al'adar garejinmu ta ginu ne a kan motoci masu haƙuri. Mota ta fara zafi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Lagireto a cika shi da ruwan famfo maimakon ruwan sanyaya inji. Baƙin mai kuwa 20W-50 ne na kowa da kowa, wai don ƙasarmu akwai zafi. Tsohuwar Peugeot 504 za ta shanye wannan duka ta ci gaba da tafiya. Injin da aka rubuta masa 5W-20, wanda da matsin man ne yake ɗaure sarƙarsa, ba zai shanye ba. Sannan ga maganar man giyabos. An daɗe ana gaya wa masu motoci cewa ba a canja shi har abada, alhali kamfanin ZF na Jamus, wanda shi ya ƙera giyabos ɗin Range Rover, da kansa yana ba da shawarar a canja. Ga kuma fetur. Waɗannan injina mai ƙarfi ake so a ba su, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a yawancin gidajen manmu, kuma ba mu manta da gurɓataccen fetur mai methanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan ake yin ta. Kayan gyaran waɗannan motoci daga waje suke zuwa, da dala ko fam ake sayo su, ko da a Ƙofar Ruwa ko Apo ko Ladipo ka same su. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 750 a kasuwar bayan fage. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wato kayan da yake dala 500 ya tashi daga kusan naira 375,000 zuwa sama da 750,000 ba tare da wani ya ƙara ko sisi a can ba. Tankin L405 yana cin fiye da lita 100, kuma mai V8 ɗin takan sha kusan lita 15 a kilomita 100, a cunkoson gari ma ta fi haka. Kafin shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira 20,000 za ta kusan cika wannan tankin. A ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000, sai da sama da 100,000. Shi ya sa kake ganinsu jere a ƙofar gidaje an lulluɓe su da tamfol, ko a shafukan Instagram na dillalai da farashin da zai sa ka ce banza ta faɗi. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa mai ita yake gaggawar rabuwa da ita.

Na san abin da wani zai ce: ai shi ya sa Toyota ita ce mota. Da gaskiyarsa har wani wuri. Tsohuwar Land Cruiser da Prado da Lexus GX sun yi suna da juriya, bakanikenmu ya san su, kayansu kuma suna ko'ina. Wannan ne ma ya sa farashin na hannu ba ya sauka, wato kuɗin da ba za ka kashe a gareji ba tun wurin dillali ka biya shi. Amma kar a mayar da abin kamar aya. A Mayun 2024 Toyota ta yi kiran a dawo da motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da Lexus LX ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a cikin injin tun a masana'anta, wanda ke iya kashe shi ana cikin tafiya. Daga baya ta ce za ta canja musu injin gaba ɗaya kyauta. A Afrilun 2025 kamfanin General Motors shi ma ya kira kusan motoci 600,000 a Amurka masu injin V8 lita 6.2, ƙirar 2021 zuwa 2024, ciki har da Cadillac Escalade da Chevrolet Tahoe da Suburban da GMC Yukon, saboda lahani a ƙarafunan cikin inji. Su kuma dubawa ake yi: wanda injinsa ya faɗi gwaji a canja masa, wanda ya tsallake a sauya masa baƙin mai daga 0W-20 zuwa 0W-40.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wannan gyaran kyauta a garejin dilan kamfani na can ake yin sa. Motar da aka sayo a gwanjo aka ɗoro ta a jirgin ruwa kafin a yi mata, ta taho da cutarta, wasiƙar kiran kuma tana can a akwatin gidan wani Ba'amurke. Kuma a tambaya, wace irin mota ce ke zuwa gwanjon? Da yawan tokumbon Amurka daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka lissafa gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ce ta shanye su, kamar bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 ko Ian a Florida a 2022. Ta haɗari ana iya gyara ta a zauna lafiya. Jif mai kwamfutoci a ƙarƙashin kujera da ta kwana cikin ruwan gishiri kuwa, wanki da turare ne kawai za su ɓoye ta na 'yan watanni.

To ga inda wayar da ke hannunka za ta yi maka aiki fiye da ɗaukar hoto a gaban motar. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. Ita ce IMEI ɗin mota. Ka fara da tabbatar da cewa ta gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan duk ɗaya ce. Ka rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin fenti. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka zai nuna maka kyauta ko akwai kiran da ba a yi mata ba. Rahoton Carfax ko AutoCheck na kuɗi ne, amma kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, kuma yana nuna tarihin haɗari da abin da mita ta nuna a baya, don mayar da mita baya sana'a ce.

Sai kuma sikana. Tun 1996 duk motar da ake sayarwa a Amurka tana da mahaɗar OBD-II a ƙasan sitiyari. Akwai 'yar na'urar Bluetooth da ake kira ELM327, mai araha, da za ka soka a wurin ka haɗa da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Abin da na fi so game da ita shi ne tana tona asirin wanda ya goge matsala. Idan dillali ya share lambobin gargaɗi da safe don dashbod ya yi fes, kwamfutar motar takan nuna cewa gwaje-gwajenta na ciki ba su kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke dawowa. Ka ga haka a motar da aka ce kullum ana hawanta, ka san akwai magana. Sai dai wannan 'yar na'urar galibi ɓangaren inji kawai take karantawa. Matsalar iska da giya da sauran kwamfutocin sai sikana ta musamman, irin IIDTool da masu Land Rover ke amfani da ita, ko babbar sikanar gareji. Sauran gwajin ba ya buƙatar fasaha. Ka auna tsayin kowane gefe da tef da yamma, ka dawo da sassafe ka sake aunawa kafin kowa ya taɓa ta. Ka sa hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi, sannan a tayar a gabanka ka saurara. Ka ɗaga kafet ka duba laka, ka leƙa ƙusoshin kujera ko sun yi tsatsa. Dillalin da ya ce ba za a yi wannan ba ya riga ya ba ka amsa.

Ni ba na cewa kar kowa ya saya. Akwai masu Range Rover da ke jin daɗinsu shekara da shekaru, kuma in ka bincika za ka ga abu uku sun haɗu a wurinsu: bakanike guda ɗaya da ya san motar yana da sikanarta, wata ƙaramar mota ta zirga-zirgar yau da gobe, da kuɗin da aka ware wa gyara tun kafin a saya. Wanda nake jiye wa shi ne matashin da ya tattara duk abin da ya mallaka ya zuba a kanta, ita ce motarsa ɗaya tilo, ita zai kai yara makaranta, ita zai je kasuwa. A ganina wannan ya haƙura tukuna. In kuɗin da ke hannunka ya ƙare a wurin dillali, to kuɗin motar bai cika ba, ko da an miƙa maka makulli.

Yayana dai bai sayar da tasa ba, don tayin da aka yi masa bai kai rabin abin da ya biya ba. Ya zauna ya yi lissafin jakunkuna huɗu da kwampireso, ya ce a cire tsarin iskar duka a sa mata sifirin na ƙarfe, kamar yadda masu irinta da yawa ke yi. Yanzu ba ta durƙusawa, kuma ana jin kowane rami. Kwamfutar motar kuwa har yau tana neman jakunkunanta, fitilar gargaɗi tana kunne a dashbod dare da rana. Da na shiga makon jiya na ga ya manna baƙin salatif a kanta.